Wutar Gidan Injiniya

Firji ne ya fara. Da safe Auta ta kai hannu za ta ɗauko madara, tana taɓa mariƙin ƙofar sai wani abu ya fizge ta tun daga yatsu har kafaɗa. Ta yi baya ta bangaji kwandon kwanuka, murafen tukwane suka tarwatse a ƙasa.

"Lafiya?" in ji Baba daga falo.

"Firji ne ya ja ni, Baba."

"Da jiƙaƙƙen hannu kika taɓa. Sau nawa zan faɗa miki?"

Ta dubi hannun, a bushe yake ƙamas. Amma ta haɗiye maganar, domin a gidan nan ba a musu da Baba a kan wuta. Duk layin babu mai kiransa da sunansa, Injiniya ake ce masa. Tun yana saurayi yake ja wa mutane wayar lantarki, shi da akwatinsa na ƙarfe da tsaninsa a kafaɗa, har tsufa ya zaunar da shi. Gidan da suke ciki ma shi ya haɗa wutarsa da hannunsa kafin a haife ta, kuma idan baƙo ya zo, cikin hira sai ya gaya masa cewa tun da aka shiga gidan nan ko soket ɗaya bai taɓa baƙi ba.

Su biyu ne kawai suka rage. Inna ta rasu, Yaya yana wani gari da iyalinsa, ita kuwa Auta da aurenta ya mutu ta kwaso kayanta ta dawo ɗakinta na ƙuruciya. Tana aiki a kantin magani, ta fita da safe, sai yamma lis ta dawo. Da rana maƙwabciyarsu, Maman 'Yan Biyu, takan leƙo ta miƙa wa tsohon abincinsa.

Abin bai tsaya a firji ba. Idan ta jona dutsen guga sai ƙwan falo ya dushe ya koma ja kamar garwashi. Fankar ɗakin Baba takan riƙa juyawa da ƙyar tana gurnani. Ta yi masa magana, ya ce zai duba. Ta dubi yadda yake lalube kafin ya sami kofin shayin da ke gabansa, ta ce a ranta babu inda zai duba. Ta ɗaura tsumma a mariƙin firjin, ta fara neman mai gyara a ɓoye.

A bakin titi, tsakanin mai walda da mai sayar da taya, akwai wani ɗan shago da aka rataye ƙwayayen fitila da naɗin waya a ƙofarsa. Mai shagon Dogo ake kiransa, kuma sunan bai ci amanarsa ba, sai ya sunkuya yake shiga shagon nasa. Ta yi masa bayani. Ya ce kuɗin dubawa daban, kuɗin aiki daban, kaya kuma ita za ta saya.

"Dubawar ma sai an biya? Kallo fa kawai za ka yi."

"Hajiya, ai kallon shi ne aikin. Ɗaure waya kowa ya iya. Gano wadda za a ɗaure ne ke cin yini."

Suka yi ciniki, ya rage kaɗan ba da son ransa ba. Ta zaɓi safiyar ranar hutunta, lokacin da Baba kan tafi shagon aski ya zauna hira da tsofaffin abokansa har rana ta take.

Dogo ya zo da jakarsa, ya zare fis ɗin kicin don yanke wutar wurin, ya ja firjin gefe, ya kwance soket ɗin da ke bayansa. Ya daɗe a tsugune yana haskawa da tocila.

"Wa ya taɓa nan?"

"Babu wanda ya taɓa."

"An taɓa. Wayar da ke ɗauke da wuta tana zaune inda ta ƙasa ya kamata ta zauna. Jikin firjin nan gaba ɗaya wuta ce. Allah ya so ki da takalmi a ƙafarki."

Ta ce wataƙila masu fenti ne, bara sun yi aiki a kicin ɗin. Ya ɗaga kafaɗa, ya mayar da kowace waya gurbinta, ya naɗe da shuɗin tef. Yana cikin ɗaure noti na ƙarshe suka ji sallama. Mai askin bai buɗe ba ranar.

Baba ya tsaya a ƙofar kicin da sandarsa. Ya dubi jakar, ya dubi Dogo, sannan ya dubi 'yarsa, ya daɗe a kanta.

"A gidana, Auta?"

"Baba, na ga idonka ne..."

"Idona ya kawo miki ƙara?"

Dogo ya miƙe har kansa ya kusa taɓa silin, ya rusuna. "Ina kwana, Baba. Ai ku ne iyayenmu a aikin nan. Ɗan abu ne kaɗan, an ma gama."

"Wa ya koya maka aiki?"

Ya faɗa. Baba ya taɓe baki, ya ce wancan ko fitilar keke bai iya haɗawa ba, ya juya ya shige ɗaki. Ranar abincin rana a ƙofar ɗakin ya huce. Auta ta sallami Dogo a waje, tana ƙirga masa tana jin kamar wani laifi take biya.

Firji ya daina jan mutane, ta kwance tsumman. Sai dai kwanciyar hankalin bai yi nisa ba. Wata yamma ta dawo ta tarar da gidan yana warin ƙonanniyar roba. Ta bi ɗaki ɗaki tana shinshina har ta zo baranda, inda akwatin fis yake a bango sama da inda ake ajiye takalma. Ta ɗora tafin hannu a murfinsa, da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Baba yana falo yana sauraron rediyo, ya ce shi bai ji warin komai ba, maƙwabta ne ke ƙona shara.

Ta sake kiran Dogo. Ya buɗe akwatin, ya zaro fis ɗaya ya nuna mata. A maimakon siririyar wayar da ake sa wa don ta tsinke idan wuta ta yi yawa, an ɗaura wata jar waya mai kauri.

"Wannan ko gidan ya kama da wuta ba za ta tsinke ba," in ji shi. "Wancan zuwan da na yi ban gan ta ba."

"To daga ina ta fito?"

"Ke za ki gaya mini, Hajiya. Ni ba a nan nake kwana ba."

Ya canza ta, ya canza wani soket a falo da ya riga ya narke ta ciki, ya sake karɓar kuɗin dubawa da na aiki. Ta ce ai aiki ɗaya ne da na farko, ya ce wancan kicin ne, wannan baranda. Kuɗin da ta ware wa maganin hawan jinin Baba na watan ne ta taɓa, ta je ta karɓi maganin bashi a kantin da take aiki, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta kira Yaya ta gaya masa. Ya yi dariyar nan tasa mai ban haushi.

"Ke dai har yanzu yarinya ce. Ba ki san halinsu ba? Ya gyara nan, ya kwance can, gobe ki sake kira. Ya ga mace ita kaɗai da tsoho, ya samu gona. Gidan da Baba ya haɗa ne zai lalace haka kawai? Shekara nawa ba a taɓa jin komai ba sai da wannan ya sa ƙafa?"

"Ai kafin ya zo firjin ya ja ni."

"Jiƙaƙƙen hannu ne. Baba ya faɗa mini."

Maganar ta zauna mata a rai duk da haka. Kuma ba a daɗe ba firjin ya yi wata ƙara da tsakar rana, in ji Maman 'Yan Biyu da ta jiyo daga gidanta, ya mutu murus. Auta ta dawo ta tarar da ruwa ya malale kicin, naman da ta saya na wata guda ya fara sakin jiki. Ta ɗauko filogin dutsen guga ta gwada a soket ɗin, sai tartsatsi, tas, har ya bar baƙi a bango. Soket ɗin nan dai da ta biya aka gyara.

"Na gaya miki," in ji Baba daga bayanta. "Yaron nan bai iya komai ba. Ɓarawo ne."

Idonta ya rufe. Ko mayafin aiki ba ta canza ba ta nufi bakin titi. Dogo yana tsaye da wani mutum mai babbar riga, suna duba naɗin waya, da alama cinikin babban aiki suke. Ba ta yi sallama ba. Ta ce masa macuci, ta ce masa mai gyara da hannun dama yana ɓatawa da hagu, ta ce ya ga marainiya da tsoho ya mayar da su saniyar tatsa. Mai walda ya kashe injinsa don ya ji da kyau. Masu jiran mota suka matso. Ta ce ya kashe mata firji, kuma sai ya biya, ko su haɗu gaban hukuma. Mai babbar riga ya ajiye wayar da ke hannunsa a hankali, ya ce zai dawo, ya tafi tafiyar da kowa ya san babu dawowa.

Dogo bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki jakarsa.

"Mu je."

Ta bi shi har gida. A kicin ya zare fis, ya kwance soket ɗin, ya jawo wayoyin waje ya haska.

"Matso ki gani da idonki. Wane irin tef na sa ranar?"

Ta tuna. Shuɗi ne. Wanda ke jikin wayar yanzu baƙi ne, na ƙyalle, mai danƙo.

"Irin wannan tun ina yaro aka daina kawo shi. Ko a kasuwa kika nema ba za ki samu ba, sai a akwatin wanda ya ajiye. Kuma dubi murɗin nan." Ya nuna da bakin sukudireba. Wayoyin an murɗe su sumul, kamar kitso. "Ni ban iya wannan ba. Hannun gwani ne. Sai dai ya sa kowace a gurbin 'yar'uwarta."

Bakinta ya riga zuciyarta.

"Ubana kake nufi?"

"Ban kira sunan kowa ba."

"Mutumin da ya haɗa wutar rabin unguwar nan kafin a haife ka? Don ka kare kanka za ka ɗora wa tsoho? Fita!"

Ya tattara kayansa. A baranda ya tsaya, ya jefa fis ɗin kicin a aljihunsa. "Wannan zan tafi da shi. Ki ce na sata idan kin ga dama. Ba zan bari a ce mutum ya mutu a gidan da na taɓa ba."

Bayan fitarsa ta zauna a kan bokiti a kife, tsakiyar ruwan firjin. Abubuwa suka riƙa dawo mata, waɗanda ta gani ta kau da kai. Ranar da ta tsinci makullin gida a cikin gwangwanin sukari. Ranar da Baba ya tambaye ta ko Inna ta dawo daga kasuwa, sannan ya yi dariya ya ce wasa yake. Labarin nan na injin da ya gyara a masaƙa, wanda yanzu yakan ba ta shi sau biyu a zama ɗaya. Duk ta ce tsufa ne, kowa da irin nasa. Ta tashi ta leƙa ƙarƙashin gadonsa da sunan shara. Akwatin ƙarfen yana nan, amma babu ƙura a murfinsa.

Washegari ta ce wa mai kantin kanta yana ciwo, ta fito da hantsi. Ta buɗe ƙofar gida a hankali.

Yana baranda, tsaye a kan kujerar roba, wadda ƙafarta ɗaya ta tsage aka ɗaure da igiya. Murfin akwatin fis a buɗe, babban makunni bai kashe ba, rediyo na ta magana a falo. Filaya a hannunsa na dama, yatsun hagu kuwa suna shawagi kusa da tagullar da babu rufi. Ba ya motsi. Kallon wayoyin kawai yake yi.

Ta so ta yi ihu, ta ji tsoron kada ya firgita hannun ya faɗa ciki. Ta ajiye jaka, ta taka a hankali har ta zo gefensa.

"Baba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Sannu da aiki."

Bai juyo ba. "An sace fis ɗaya."

"Na gani. Bari in kashe babban, ka ji daɗin aikin."

Ta miƙa hannu ta ƙarƙashin hammatarsa ta ja makunnin ƙasa. Rediyo ya yi shiru.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wannan jar, ina take zuwa?"

Ta ɗaga kai. A duk rayuwarta ba ta taɓa jin ya tambayi wani mahaluki abin da ya shafi waya ba.

"Ni na ja ta," ya ce. "Na san ni na ja ta. Ina zuwa nan sai ta ɓace mini. Jiya na gane ta, yau kuma..." Ya juyo, idonsa tsuru-tsuru kamar yaron da ya ɓata a tasha. "Kada ki gaya wa uwarki."

Ta karɓi filayar, ta riƙe shi ya sauko. Ba shi da nauyi ko kaɗan, abin da ya ba ta mamaki. A tafin hannunsa na hagu akwai ƙuna, doguwa, ta riga ta fara bushewa, ba ta yau ba ce. Da ta tambaya ya ce butar shayi ce. Ta wanke, ta shafa magani, ta naɗe, shi kuma yana ta ba ta labarin injin masaƙa. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada ya ji, ta yi kuka mai isarta.

Komawa wurin Dogo ya fi mata komai nauyi. Ta same shi shi kaɗai yana kwance wata fanka. Ta gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Ta faɗa masa abin da ta gani, ta ce ya yafe mata.

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce. "Na yafe. Amma ba a nan kika zage ni ba, Hajiya. A can kika tsaya." Ya nuna bakin titi da sukudireba. "Mutumin nan mai babbar riga aikin gida mai hawa biyu zai ba ni. Matar mai taya ta fasa kirana. Ina da 'ya'ya."

Ta gane abin da yake nufi. Ta fita ta tsaya inda ta tsaya ranar, ta yi wa mai walda sallama, ya kashe injin. Mai taya ya leƙo. Ta ce maganar da ta faɗa a kan mutumin nan ba gaskiya ba ce, aikinsa lafiya lau yake, laifin daga cikin gidansu ne.

"Daga wa?" in ji mai taya.

"Daga cikin gida," ta sake cewa. Mutanen ba su kai rabin na ranar zagi ba, kuma ta ga a fuskar Dogo shi ma ya lura.

Ya zo ya bi gidan kaf, soket bayan soket, har cikin silin ya shiga ya fito da yanar gizo a gashinsa. Aikin asali, in ji shi, har yanzu da kyansa, amma robar wayoyin ta tsufa tana farfashewa, kuma kusan babu inda tsohon bai buɗe ya taɓa ba a 'yan watannin nan. Dole a sake jan na kicin da na falo, a cire tsohon akwatin a sa sabo mai yanke wuta da kansa idan ta taɓa mutum, a yi masa gida da kwaɗo. Da ya faɗi kuɗin sai da ta dafa bango. Ya kusa albashinta na wata biyu, ban da firji.

"Babu ragi?"

"Kayan ba ni nake ƙera su ba. Ki je ki tambaya da kanki, ki sayo, ni in ɗaura. A ladana kuwa ba zan rage ba."

Ba ta ga laifinsa ba, ko da yake ta so a ce ya rage.

Yaya ya ce atafau bai yarda ba. Baba lafiyarsa ƙalau, jiya ma sun yi waya har yana ba shi shawara a kan janareto. Ita ce dai take son ta mayar da ubansu mahaukaci don wani mai gyara ya ce. Ta ce ya zo ya gani. Ya zo a ƙarshen mako da niyyar kwana ɗaya, yana ta cika yana batsewa. Baba ya tarbe shi da murna, suka ci abinci, suka yi hira kamar babu komai, har Yaya yana harararta. Can Baba ya dube shi da kyau ya ce, "To kai yaushe za ka yi aure ne? Ƙannenka duk sun riga ka." Yaya, mai 'ya'ya huɗu, babbar har ta shiga jami'a, ya ajiye cokali. Bai sake cin ko loma ba.

Suka kai shi asibiti. Likita ta yi masa tambayoyi, wasu ya amsa, wasu ya yi fushi ya ce ba jarrabawa ya zo ba. A waje ta gaya musu ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu, kuma kada a sake barinsa shi kaɗai da abin da zai cutar da shi. Yaya ya biya rabin kuɗin aikin wutar, ya ce sauran sai wata ya mutu. Auta ta sayar da keken ɗinkin Inna da ke jingine ba a amfani da shi, ta cika. Firji kuwa aka bar shi a kusurwa, ta mayar da shi ma'ajin kwanuka.

Ranar aikin Yaya ya ɗauki Baba a mota da sunan za su gaida wani tsohon abokinsa. Da suka dawo da yamma an gama. Sabon akwati fari a bango, cikin keji na ƙarfe, da kwaɗo. Baba ya tsaya a gabansa. Ya kama kwaɗon ya girgiza.

"Ina makullin?"

"Yana wurina, Baba," in ji Auta.

"Ba ni."

"Baba, ka yi haƙuri."

Ya juya wurin ɗansa. Yaya ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Tsohon ya saki kwaɗon, ya goge hannunsa a riga.

"Na gode," ya ce. "Allah ya yi muku albarka." Da zagi ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Saura akwatin ƙarfen. Ko da an kulle na bango, soket ɗin ɗakuna suna nan, kuma sukudireba ɗaya ta isa. Da asuba, kafin Baba ya farka, Yaya ya jawo shi daga ƙarƙashin gado ya sa a bayan mota. Ya buɗe akwatin kafin ya rufe bayan motar, su biyu suka tsaya suna kallo. Kowane ƙarfe a gurbinsa, an goge shi da mai, mariƙan sun yi santsi saboda hannu. Yaya ya rufe da sauri, ya shiga mota, ya ce zai riƙa kira.

Baba ya nemi akwatin kamar zai tashi gidan. Ya ɗaga katifa, ya zazzage durowa, ya leƙa cikin mataccen firjin. Da bai gani ba ya ce dogon yaron nan ne ya sace. Wata rana Maman 'Yan Biyu, da aka roƙa ta riƙa sa masa ido, ta shiga wanka, ya sulale ya fita da sandarsa har bakin titi, ya tsaya gaban shagon yana kiran Dogo ɓarawo, ya fito masa da kayansa. Dogo ne ya riƙo hannunsa ya dawo da shi gida, sannan ya kira Auta a kanti.

"Hajiya, na kawo shi, yana ciki. Amma don Allah ku san yadda za ku yi. Gidanku ya ishe ni haka."

Ta ba shi haƙuri. Ta roƙi mai kantin ya mayar da ita aikin rabin yini, albashin ma ya koma rabi. Ta daidaita da Maman 'Yan Biyu za ta riƙa zama da shi da safe, tana ba ta wani abu a ƙarshen wata.

Ta gaya wa Baba gaskiya sau ɗaya, cewa akwatin yana wurin Yaya, kuma su ne suka ɗauke. Ya yi kwana biyu ba ya yi mata magana, sannan ya manta, ya sake tambaya. Daga nan ta daina faɗin gaskiyar.

Yanzu kusan kullum, tana ɗaura mayafi za ta fita, zai ɗago daga kan shayinsa.

"Auta, ba ki ga akwatina ba?"

"Yaya ne ya ara, Baba."

"Shi da bai san kan filaya ba? Ki ce masa ya dawo mini da shi. Akwai aiki a gidan nan."

"Zan gaya masa."

Sai ta gyara masa hula, ta tura masa farantin burodi kusa, ta leƙa ta katanga ta kira Maman 'Yan Biyu, ta jira har ta ji takunta a ƙofa, sannan ta ɗauki jaka.